A Rage Raƙumi Ɗaya

Zuwa ga mai girma mai buga kalandar bango,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hajjo mai wanki, ta unguwar Kudai a nan Makka. Kalandarku na rataye a ɗakina, kullum ɗana Anaruwa yana yago ganye ɗaya ya karanta mini abin da ya faru a rana irin ta. Na ƙaru ƙwarai. Yanzu na san ranar haihuwar sarakunan da ko wankin rawaninsu ban taɓa yi ba.

Kukana a kan ganyen ranar babbar ambaliya ne, ta bazarar nan da Makka ba ta manta ba.

Na ɗaya. Kun kawo haihuwar wani sarki, da wani mai tuƙa jirgin ruwa, sannan kuka zo kan ambaliya, kuka lissafa shaguna da raƙuman da ruwa ya ci. Madalla da wannan ƙoƙari. Allah ya mayar wa masu raƙuma da alheri.

Na biyu. Ran nan ruwan ya tafi da mijina, Ilu mai ɗaukar ruwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai ruwa gidajen mutane, ranar ruwa ya ɗauke shi, bai ko tambayi ladan dako ba. Ba a ga gawarsa ba, ba shi da kabarin da za mu nuna.

Na uku. Ran nan kuma na haihu a kan rufin maƙwabta, shi ya sa yaron ya ci sunan Anaruwa, yadda muke yi can a ƙasarmu. Tun yana goye nake gaya masa duk Makka ta san ranar ubansa. Ya karanta ganyen, ya duba bayan takardar, babu sunan ubansa, ya dube ni. Wallahi na ji kunya, na kuma ji zafi. Tsofaffin da suka san Ilu suna ta ƙarewa, saura ni.

Na san takarda tsada gare ta, kuma ba a haɗa ɗan Takari, baƙo irinmu, da sarki a layi ɗaya. Roƙona, a bugun baɗi ku sa: Ilu ya tafi, Anaruwa ya zo. In wuri ya yi ƙunci, a rage raƙumi ɗaya, ba shi da ɗan da zai nemi sunansa.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya sa a tuna da ku a naku ganyen.

Wassalam.
Hajjo, matar Ilu.