Bututun Malam Liao

Magong, 3 ga Agusta

A-hung,

Ina gaishe ka, kai da iyalinka. Ni ce Su-chen, matar malaminka Liao, wadda ka yi shekara huɗu kana cinye mata tukunyar shinkafa, da ka samu aiki a Hsinchu ko waiwaye babu.

Malam ya hana ni faɗa maka, amma na gaji. Shekara biyu ke nan Malam yana kwance, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi, harshen ma ya tafi. Da wani bututu yake magana: ya busa, ya zuƙa, haruffa su fito a fuskar kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. Yanzu tsohuwar kwamfutar tana ɗaukewa sau uku a wuni. Na sayo sabuwa, mai shago ya saka mata tsarin kwamfutar nan da kuke haɗuwa ku rubuta don kowa da kowa, ta ƙi gane bututun. Wai an cire direbansa, wato 'yar manhajar da ke sada na'ura da kwamfuta, wadda Malam ya rubuta da hannunsa tun yana da lafiya.

Wane marar kunya ne ya cire? Ka binciko mini shi.

Ka huta lafiya,
Su-chen

Hsinchu, 6 ga Agusta

Zuwa ga Mama Su-chen,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da sannu ga Malam.

Mama, ni ne marar kunyar. A al'adarmu, idan direba ya daɗe ba mai kula da shi, sai a yi cigiya a zauren masu aikin na intanet: ko akwai mai amfani da shi? Bara na yi cigiyar, na rubuta wa Malam shi kaɗai har sau biyu, na jira wata guda. Da na ji shiru, na goge. Ban san yana kwance ba.

Tsohon tsarin ba ya tashi a sabbin kwamfutoci, don haka na sake rubuta direban. Sai dai ban gwada shi ba. Na nemi irin bututun ko'ina, naku kaɗai ya rage, kuma kayan awon suna nan ɗakin aikina, ba sa ɗaukuwa. Kwana uku nake bukatar bututun a wurina. Na san abin da kwana uku ke nufi ga mutumin da ba shi da wata murya, shi ya sa na kasa roƙonki.

Ɗalibinku,
Pan Chia-hung

Magong, 9 ga Agusta

A-hung,

Muna gaishe ka. Na karanta masa wasiƙarka, na tambaye shi ko ya ga cigiyar. Ya busa: "Na gani." Na ce to me ya hana ka amsawa? Ya busa: "Kunya." Ka ji fa! Gara masa a goge muryarsa da ɗalibansa su san shi ne mutum ɗayan da ya rage yana busa bututu. Na zazzaga masa masifa har maƙwabciya ta leƙo.

Na ce masa gara ka turo direban haka nan, mu gwada sa'armu. Ya yi minti ashirin yana haɗa amsa: "Aika masa. Ban koya wa jakin nan sakin abin da bai gwada ba."

Ga bututun nan na naɗe a tawul, da alewar gyaɗa, duk da ba ka cancanta ba. Tun da na zare shi ɗakin ya yi tsit. Ina tambaya, yana ƙifta ido. Tsoro nake ji, A-hung. Kwana uku ka ce.

Su-chen

Hsinchu, 13 ga Agusta

Mama,

Ina gaisuwa. Ya yi aiki! Ashe akwai kuskure ɗaya da zai iya ƙona bututun, awon ne ya kama shi. Ki gaya wa Malam gaskiyarsa ce. Masu aikin sun karɓi direban cikin tsarin, na sa sunana a matsayin mai kula da shi.

Amma guguwar nan ta tsayar da jiragen sama da na ruwa zuwa tsibirinku. Akwatin bututun yana kan cinyata. Jirgin farko da zai tashi, ina ciki.

Ku gafarce ni,
Chia-hung

Magong, 16 ga Agusta

A-hung,

Gaisuwa. Ba sai ka yi gaggawa ba. Malam ya rasu jiya da hantsi, ƙirji ne ya cika masa.

Kwana biyu yana turo leɓe yana neman bututun. Akwai abin da yake son gaya mini. Na yi ta kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙiftawa, ina rikicewa, har ya gaji ya rufe ido. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban gane ba.

Ban ɗora maka laifi ba, shi ya ce a aika. Ka zo jana'iza ranar Asabar.

Bara ka tambaya ko akwai mai amfani da direban, ba a amsa maka ba. Ga amsarka: babu. Ka cire.

Su-chen