Kayar da Fasto Elisaia

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ɗari da saba'in da shida bisa ɗari da shida. Likita Pham ta auna sau uku, ta canja hannu, ta sake. Ta ce da irin wannan hawan jinin ba za ta sa hannu a takardar tuƙin fasinja ta shekara ba. Ta ba ni ta wucin gadi, mako goma sha biyu, da ƙwayoyi. In na koma ran 28 ga Afrilu bai sauka ba, na ajiye bas ke nan. Shekara ashirin da uku ina wannan aiki, ban iya wani ba.

Ta ce in riƙa motsa jiki. Na ce ai kullum sai na zagaye garinmu Logan da bas sau tara. Ba ta yi dariya ba.

Kilo ɗari da ashirin da takwas. Na rubuta ne don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Palepa ta dafa gwaza ba madarar kwakwa. Matata ce, haka na cinye.

Tafiyar ƙafa ba ta yi mini. In ba inda za ni, ƙafata ba ta yarda. Gaz na garejinmu ya ce in shiga dambe ko wani abin faɗa, wai mutum ba ya sanin yana wahala in ana neman hancinsa. Matsalar lokaci ne. Ina tuƙi daga biyar da rabi zuwa tara da rabi, in koma biyu zuwa shida da rabi. Abin da nake da shi tsakar rana ce.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na leƙa gidan dambe. Kiɗa kamar zai tsaga rufi, madubi ko'ina, duk inda na juya sai in ga tumbina. Na daki buhu minti biyu na nemi kujera. Ajinsu ma ƙarfe shida na yamma ne. A'a.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Damben Thailand: an ce in ɗaga ƙafa zuwa kunnen mutum. Ta kai gwiwarsa.

Na kuma gwada na tsofaffin nan da ke juya hannu a hankali a ƙarƙashin bishiya. Ba laifi, sai dai na yi gyangyaɗi a tsaye. Palepa ta ce wannan ai na riga na ƙware a kai tun a coci.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Judo, kokawar Japanawa. Talata da Alhamis, goma da rabi, a wani tsohon zaure bayan filin wasa. Aji ne na waɗanda suka haura arba'in da biyar. Lokacin ya yi mini cif. Malamar sunanta Glenys, 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura, ba ta kai kafaɗata ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wata guda ba abin da zan koya sai faɗuwa.

Ina cire takalmi na ji muryar da na sani. Na ɗaga kai, sai ga Fasto Elisaia. Farar riga, ɗamara ruwan ƙasa, ƙafa ba takalmi. Ashe shekara tara yana zuwa nan. Mutumin da ya yi wa 'ya'yana baftisma, ya yi wa mahaifiyata jana'iza. Na zauna a ƙasa nan take, don ba zan gaishe shi a tsaye ba.

Ya ce, "Ioelu, tashi. Nan ba a zama sai an kayar da kai."

Glenys kuwa daga can nesa ta ƙwala, "Eli, ɗauko katifun nan." Eli. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, Lau Susuga take cewa kamar kowa, laƙabin girmamawa ne a yarenmu na Samoa. Kuma ya je ya ɗauko.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ya yi wa'azi minti hamsin, sanye da farin kwat. Wajen cin abincin rana aka fara kai masa nasa, muka jira ya wanke hannu. Bai dubi inda nake ba, ni ma haka. Ban gaya wa Palepa ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Faɗuwa ta baya, faɗuwa ta gefe. Ka sunkuyar da haɓa, ka mari katifa da tafin hannu. Sau sittin. Na yi gumi har ya ɗiga ta gwiwar hannu. Tashi daga ƙasa ya fi faɗuwar wuya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ɗari da sittin da huɗu bisa casa'in da tara a na'urar gida. Kilo uku sun tafi.

Yau aka fara riƙe juna. Glenys da girman jiki take haɗa mutane, ba ruwanta da wane ne wane. Mu goma sha ɗaya ne, manyan biyu ne kawai, ni da shi. Wato in cakumi kwalar Fasto da hannun dama. Na ce tulou, kamar yadda ake cewa in za a gifta babba, na taɓa rigar da yatsa biyu. Glenys ta ce, "Ba wanki za ka shanya ba, riƙe shi."

In shi zai kayar da ni ba matsala. Ya juya, ya ɗora ni a ƙugu, sai in ga silin. Yana riƙe da hannun rigata har in sauka, ko zafi ba na ji. Wannan tsarin ya yi daidai da yadda duniya take. Da aka zo nawa na ce gwiwa na damuna.

Talata, 4 ga Maris

Gwiwa kuma. Glenys ta tambaya wacce. Na nuna ta hagu. Ta ce ran Alhamis ta dama ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta yadda aka yi, tiryan-tiryan.

Glenys ta tsaya a kanmu ta ce yau sai na yi. Ta maimaita abin da take faɗa kullum: in ka fara kaye ka ƙarasa shi, kuma kada ka saki hannun rigar abokinka, da shi yake sanin inda ƙasa take. Na juya, na ɗora shi a ƙugu. Ya taso da sauƙi, bai kai nauyin da na zata ba. Sai na ga ƙafafunsa a sama, kansa yana ƙasa da nawa, ni ina tsaye a kansa. Jikina ya ƙi. Na saki hannun rigar, na rungumo shi da hannu biyu don in ajiye shi a hankali, in durƙusa tare da shi. Ƙafata ta harɗe. Ya sauka a kan kafaɗa, ni kuma na sauka a kansa gaba ɗayana.

Bai yi ƙara ba. Ya ce, "Ɗan ɗaga mini, Ioelu."

Glenys ta kai shi asibiti a motarta. Kafin su tafi ta ce da ni, ba da faɗa ba, "Da ka maka shi da ƙasa da ƙarfinka, da yanzu yana tsaye." Na koma na yi tuƙin yamma. Ban tsallake tasha ko ɗaya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Jijiyar kafaɗa ce, ba karaya ba. Mako bakwai. Ya hau mumbari an rataye masa hannun dama a wuya, ya sa albarka da hagu. Ya ce wa jama'a faɗuwa ya yi. Matan coci suka yi ta tsine wa matakalar gidansa, har an kafa kwamitin gyara ta. An sa ni a ciki.

A mota na gaya wa Palepa. Sai da muka wuce fitilun kan titi uku sannan ta ce, "Duk mutanen garin nan ka rasa wanda za ka faɗa wa a kai."

Talata, 11 ga Maris

Ban je ba.

Talata, 18 ga Maris

Ban je ba. Tsakar rana ina zaune a gareji ina cin soyayyen dankali da Gaz. Ɗari da saba'in da biyu bisa ɗari da uku. Na nemi wani ajin na rana a duk kudancin Brisbane, babu. Saura mako shida. Na ga tallar aikin gadi a wani kanti, na ɗauki hotonta, ban san dalili ba. Na san dalili.

Asabar, 22 ga Maris

Palepa ce ta fito da tabarmar da ta gada daga ƙarƙashin gado, ta saƙar hannu mai jajayen gashin tsuntsu a baki, wadda take ajiye wa auren 'yarmu. Ta ce wanda ya zubar da malamin Allah a ƙasa ba da saƙon waya yake ba da haƙuri ba. Da sassafe muka je. Na zauna a ciyawar ƙofar gidansa, ta lulluɓe ni da tabarmar, ta zauna a bayana. Haka ake yi a gida Samoa: ka zauna har mai gida ya ga dama ya yaye maka.

Zafi a ciki, ga cinnaka. Ina jin Baturen da ke maƙwabtaka da su yana tambayar Palepa ko a kira motar asibiti.

Ba a fi minti goma ba aka yaye. Yana sanye da zane da singileti, hannu a rataye. Ya ce mu shiga kafin wani ɗan coci ya wuce. A falo na zauna a ƙasa na fara jawabin da na shirya, ya katse ni.

Abin da na riƙe daga maganarsa: shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ba mai taɓa shi sai a musafaha. Ba mai ce masa ya yi kuskure. In ya yi barkwanci mara daɗi ma sai a yi dariya. Ya ce awa biyu yake da su a mako da wani zai ja shi ta kwala, wata tsohuwa ta ce masa ƙafarsa a karkace take. "Sai ka zo ka kawo mini coci har can."

Na ce, Lau Susuga, girmamawa ce.

Ya ce, "Na sani. Ga ta nan a wuyana."

Ya mayar wa Palepa tabarmarta, ya ce ta 'yarmu ce. Ni kuma ya ce ya yafe, amma yana son ganina ran Talata. Ya tambayi awon jinina. Na faɗa masa na gaskiya. Ya ce ya gaji da binne maza 'yan shekara hamsin, bana kawai huɗu.

Talata, 25 ga Maris

Na je. Glenys ta nuna mini katifa. Ta haɗa ni da Trevor, tsohon mai gyaran famfo, siriri amma taurin tsiya. Fasto yana zaune a benci da hannunsa, yana gyara mini tsayuwa. Yana da surutu a bencin nan fiye da a mumbari.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na kayar da Trevor sau ashirin. Ba wuya, Trevor ba kowan kowa ba ne a wurina. Ya ce in ci gaba da ƙoƙari, matarsa ta daɗe tana neman mai yi mata wannan aiki.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mun gyara matakalar. Lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ɗari da ashirin da ɗaya a sikeli. Na ɗaure igiyar takalmi ban riƙe numfashi ba. Ina tsoron ran Litinin, gara in faɗa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ɗari da hamsin bisa casa'in da biyu. Likita Pham ta auna sau biyu. Ta sa hannu, amma na wata shida, ba shekara ba. In ya sake hawa ba sauran wucin gadi. Ta tambayi abin da nake yi. Na ce ana kayar da ni sau biyu a mako. Ta ce duk wanda ke yi ya ci gaba.

Na kai takardar ofis, na ɗauki bas na biyu da kwata. Na goge hoton tallar nan.

Talata, 29 ga Afrilu

An cire wa Fasto rataya, yau ya dawo katifa. Na zata Glenys za ta bar ni da Trevor. Ta ce manya su koma wajen manya.

Ya kayar da ni sau biyar da taka-tsantsan, yana gwada kafaɗar. Sannan ya tsaya ya miƙo mini kwalarsa. Ya ce a hankali, da yarenmu don kada sauran su ji, "In ka tausaya mini yau, ni da kai mun koma benci."

Na riƙe shi sosai, har na ji ƙashin ƙirjinsa a bayan yatsuna. Na juya. Ƙarar ta cika zauren, Trevor ma ya waiwayo. Hannun rigarsa yana hannuna, ban saki ba. Ya kwanta yana kallon silin, yana haki, fuskarsa kamar ta wanda ya sha ruwan sanyi. Ya ce in sake. Na sake, sau shida. A na huɗu ya sa ƙafa ba daidai ba, na gaya masa, ya gyara.

Ba wani abu ba ne. Likita ta ce a ci gaba, ana ci gaba. Ran Lahadi zan zauna a ƙasa in jira ya wanke hannu kamar kullum.

Sai da na kai fitilar titi ta biyu a hanyar gareji na tuna ban ba shi haƙurin kayen yau ba. Ban juya ba.