Gorar da Ta Ƙetare Katanga

Ga duk wanda ya buɗe ambulan nan, ɗa ko jika ko suruka:

Zauna kafin ka karanta, kuma kada ka yi dariya. Wanda bai taɓa ganin katangarsa tana sunkuyawa kan 'ya'yan mutane ba bai san tsoro ba. Na ajiye wasiƙun nan ne don kada wani daga jinina ya maimaita.

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na rubuto maimakon in kira, domin a waya "to, Mama" kake cewa ka ajiye.

Katangar baya ta tsage, wadda ta raba mu da gidan Maman 'Yan Biyu. Tsagar ta faro daga ƙasa, daidai inda gorar nan take. Ranar Litinin allura ce kawai ke shiga, yau yatsana ya shige. Magini ya zo ya ɗora ma'auninsa, ya yi shiru. Na ce, "Malam, bakinka ciwo yake yi?" Ya ce, "Mama, katanga ta karkata, kuma ba wajenku ta karkata ba." Can gefen ne jikokinta uku suke wasa. Ina wanke-wanke ina jin muryoyinsu.

Laifinka ne. Sau nawa na ce ka zo ka raba ni da gorar nan? Da na gaji da jira, bara na ɗauki adda da fartanya da kaina. Na sare ta, na tono abin da na iya na saiwar, na daddatsa ƙanana, na binne a gindin katanga ya zama taki. Bana inda ɗaya take, goma suka fito. Ɗan da ya bar uwarsa da adda a hannu ya shirya amsar da zai bayar.

Allah ya shirye ka. Mahaifiyarka.

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina neman gafara. Na karɓi laifin rashin zuwa.

Amma Mama, ba kashe gorar kika yi ba, yaye ta kika yi, kika ba kowace gaɓa ɗaki. Na tambayi wani mai aikin lambu a nan. Ya ce karan da ake gani a sama ba komai ba ne, ainihin jikinta a ƙasa yake, yana tafiya a kwance kamar igiya, kuma kowace gaɓa tana iya tsiro. Ya ce tabbas ta wuce ƙarƙashin katanga. Sai an haƙa rami ta ɓangarorin biyu, a tsince saiwar tas, a shanya, a ƙone. In an bar ko guntu a gidansu, za ta dawo mana.

A yi mini afuwa in tuna miki abu ɗaya. Ba ni na shuka ta ba. Ina nan ranar da su Maman 'Yan Biyu suka gama ɗakin sama mai tagar nan da ke kallon tsakar gidanmu, kika ce ba za ki zauna ana ƙirga miki tukwane ba. Washegari kika sayo gora a buhu. Shekara shida ke nan ba ku gaisa ba.

Ki faɗa mata yau, a janye yaran. Sai ranar Asabar zan samu hutu, katanga kuwa ba ta san Asabar ba.

Ɗanki mai biyayya, Auta.

*

Auta,

Na ga takardarka. Wato har ka yi girman da za ka karanta mini tarihi. Za mu haɗu.

Sau biyu na je ƙofar gidanta na dawo. Me zan ce? Gora na shuka, gori zan girba. Matar da ta riƙe mini hannu ranar da mahaifinka ya rasu, ni na daina amsa gaisuwarta, yanzu in je in ce mata shukata na shirin kashe mata jikoki?

Jiya da la'asar hadari ya haɗu. Na ji yaran a gindin katanga, na daka musu tsawa ta sama, "Ku tashi daga nan!" Ƙaramar ta ce, "Tsohuwar gora ce," suka yi dariya, ba wanda ya motsa. Sai iska ta kaɗa, gorar ta jingina, wani ɓallin siminti ya faɗo kusa da ƙafata. Na dafa katangar da hannu biyu ina salati, kamar ni ce zan riƙe ta, har ruwan ya ɗauke.

Abinci ba ya shiga. Zan rubuta mata. Bakina ya kasa, wataƙila hannuna ya iya.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Sallama da fatan alheri. Katangar da ke tsakaninmu ta karkato wajenku, tana iya faɗuwa kowane lokaci. Don Allah a hana yara zuwa wurin tun yanzu. Gorata ce ta jawo, ni na shuka ta, kuma kin san dalili. Ina roƙon izini ma'aikata su shiga gidanki su haƙa. Duk abin da za ki faɗa mini, na cancanta.

Maƙwabciyarki.

*

Yaya,

Na amsa sallama. Ashe kina da biro.

Na kwashe yaran kafin in gama karantawa. Ta wajenmu katangar lafiya lau take a ido, tarin katako ya rufe gindinta. Jiya ma a nan suka ci abincin rana. Allah ya saka miki.

Gorarki kuwa mun daɗe da sabawa. Shekara biyu tana leƙo mini a bayan kicin, ina sarewa. Guda ɗaya na bari ta girma, da ita nake tokare igiyar shanya. Na so in yi magana, na ce kada ki ɗauka neman faɗa nake.

Tagar nan, Yaya, tun satin da kika yi fushi na sa kafinta ya toshe ta da katako. Na yi ta jira ki gani. Kafin ki ɗaga kai, gora ta rufe.

Ƙofa a buɗe take. Ki zo da kanki, kada ki aiko ma'aikata kawai.

Ƙanwarki har gobe.

*

Auta,

Tunda aiki ya hana ka zuwa, ga labari. An rushe katanga. Magini da hannu biyu kawai ya tura ta, ta kife daidai inda yaran ke zama. Ni da ita muna tsaye muna kallo. Ramin ya kai ƙugu, saiwa buhu goma sha ɗaya aka fitar, bakwai daga gidanta. Na ɗaga kai na ga tagar. Katakon har ya yi baƙi.

Wani mai lambu da ya taya mu haƙar ya ce a sa ido damina biyu. Ka karanta wa matarka wannan, kuma ku riƙe: daga yau ba a shuka komai a gidan nan sai an bar taku uku daga sabuwar katangar da za a gina. Kowace Asabar da safe a duba gindin katanga ta ɓangarorin biyu, namu da nata. Wanda ya je duba nata, ta ƙofa zai shiga, ya yi sallama, ya zauna a gaisa.

Mahaifiyarka.