Ƙululun Ƙeyar Hafsa

Talata da dare, Maitumbi

Rubutuna da ma kamar tonon kaji ne, na yau kuma ya fi na kullum.

Mun karɓo sakamakon hoton MRI na ƙululun da ke ƙeyar 'yata Hafsa. Shekara shida ina tsokanar yarinyar nan, ina cewa a ciki take ɓoye wayonta. Juma'ar da ta wuce har na shirya da Ɗanjuma wanzami ya zo ya tsaga, a matse, kowa ya huta. Ruwan sama ne ya hana shi zuwa. Shi ne mamanta ta ja mu asibiti, ina ta mita a cikin keke.

Likita ya nuna wani ɗan siririn zare a hoton da bakin biro. Wai abin bai tsaya a fata ba, yana da saiwar da ta ratsa ƙoƙon kai.

Na ce, "Likita, ashe har fuloti ya saya a ciki?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, an taɓa sa masa aska?"

Na ce a'a.

"To ku gode wa Allah. Da ƙwayar cuta ta bi nan har ƙwaƙwalwa."

Innalillahi! Ni da na tsaya a aji huɗu, na kusa buɗe ɗakin tiyata a kan tabarma.

Da muka dawo, Maman Hafsa ta tuƙa tuwo ta ajiye mini. Na ce, "Ki zage ni mana, in samu sauƙi."

Ta ce, "Ci tuwonka. Gobe kai za ka riƙe ta a wajen likitan ƙwaƙwalwa."