Bokitin Inna

Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Ciwon bayan nan ya sake ka? Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka.

Mai tayil ya gama ɗakin Inna, amma ya bar busasshen siminti dabbare-dabbare a ƙasa, kamar tantabaru sun kwana a ciki. Inna ta leƙa ta ce ita ba ta kwana a ɗakin da ba a gama ba. Ka san mahaifiyarka. Tun da ka ɗauko ta bayan rasuwar Baba, akwatinta yana ɗaure a ɗakin yara, duk wanda ya zo gaishe ta kuma sai ta ce masa baƙunta ta zo.

Na sayo asid ɗin haidurokulorik, irin wanda nake aiki da shi a ɗakin gwajin makaranta, don shi ke cin siminti. Inna ruwan batir take ce masa, har na gaji da gyara mata. Kafin in buɗe kwalbar na sa aka fito da gadonta na ƙarfe da keken ɗinkinta tsakar gida, saboda tururinsa kaɗai ya isa ya sa ƙarfe tsatsa. Tana tsaye tana kallo. Can ta ɗauko bokitin ƙarfen Baba, wanda ta ce ya girme ka, ta miƙo mini in haɗa a ciki. Na ce a'a, na roba zan ɗauka. Hankalina yana kan aiki, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Da na ga yadda fuskarta ta canza, sai na rufe zancen wanki na ranar.

Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ta gaya wa Auta an fitar da gadonta, an raina bokitinta, saura ita. Jiya na ji tana tambayar maƙwabciya yaushe motar garinsu ke tashi.

Kada ka kira ta tukuna. Ka bar ni da ita.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina sake gaishe ka, da fatan ka samu sauƙin bayan. Ka kwantar da hankalinka.

Na roƙi Inna ta zo ta tsare mini ƙofa kada yara su shigo. Ta zo, amma ta ce don jikokinta ne. Na buɗe tagogi, na sa safar roba da tabarau, ita ma na ba ta tabarau. Auta ta hango ta daga nesa ta ce kakarta ta zama mai walda.

Na fara zuba ruwan sanyi a bokitin roba, sannan na tsiyaya asid ɗin a hankali, kashi ɗaya cikin goma, ina juyawa. Na bayyana mata cewa haɗuwarsu zafi take haifarwa: in ruwa aka zuba wa asid yana iya tafasowa ya fallatsa wa mutum a fuska, shi ya sa asid ke zuwa wurin ruwa.

Daga nan na ɗebi kaɗan a kofin gilashi, na jefa ƙusar kwano, mai rufin zinki irin na bokitinta. Nan take ta hau kumfa. Na ce mata iskar da ke tashi tana kama wuta, don haka ba a kunna ashana kusa. Da na ciro ƙusar da ɗan icce na ɗauraye, farin rufinta ya tafi, ta yi duhu. Washegari tsatsa ta fito mata.

Inna ta daɗe tana juya ƙusar. Ta tambaya ko haka bokitin malam, wato Baba, zai zama, na ce ƙwarai, har ya huje. Ta ce to me ya hana ni faɗa, ko ilimin ya cinye mini baki ne? Na ce ta yi gaskiya. Ta kuma ce ta gane karatun, mai zafi ne ke zuwa wurin mai sanyi, abin da ba ta gane ba shi ne wace ce ruwan batir tsakaninmu.

Tayil ya fito fes. Na ɗauraye shi da ruwa mai yawa, na bar ɗakin ya sha iska kafin a mayar da gado. Ita da kanta ta shigar da bokitin Baba. Ban ce komai a kan akwatin ba, yau da safe na gan shi a buɗe.

Ta ce in za ka dawo ka taho da ƙusa mai ƙarfi, za ta rataye bokitin a bayan ƙofa. Ka dai san baƙo ba ya kafa ƙusa a bango.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maman Auta