Laftof ɗin da na zaɓa wa Mumuni

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk wanda zai karanta. A ɓoye sunana don Allah, kuma wanda zai zage ni ya ɗan dakata ya kai ƙarshe, don ni ma na riga na zagi kaina.

Ni ɗan Salaga ne, doya muke sayarwa da mahaifina. Ina da ɗan'uwa a Bawku, ɗan ƙanin babana, zan kira shi Mumuni. Tun muna yara shi ne yaron kirki a dangi: Mumuni ya sauke Alƙur'ani, Mumuni ya sayi babur da guminsa, ni kuwa sai a ce dubi ƙaninka. Abu ɗaya na fi kowa a kai, wasan ƙwallo na kwamfuta, shi ɗin ma da na koya masa sai ya dawo yana lallasa ni a gaban abokaina. Yana yi yana dariya, wai "Yaya, haƙuri." Kun san zafin a ci ka sannan a ba ka haƙuri?

Da zaman Bawku ya yi tsanani saboda rikici, fita ta yi wuya, aka hana hawa babur ya zama kayan ajiya, sai ya sayar da nasa. Ya kira ni ya ce zai sa laftof a zauren gidansu, samarin unguwa su riƙa biya suna buga wasa, ko ya samu na cefane tunda matarsa na da ciki. Ya ce ƙarfinsa bai kai sabo ba, in nema masa na hannu mai sauƙi, ni na san kan abin. A gidanmu kuwa tun zamanin kakanni masu fataucin goro, in ɗan'uwa ya sayo maka kaya ba ka bincike, ba ka tambayar inda ya saya. Yin haka zagi ne. Na san da wannan, kuma da shi na yi amfani.

Na je Yendi wurin wani mai kawo na hannu, ya fito mini da biyu, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya siriri ne fari, madannansa har fitila suke yi. Ɗayan baƙi, mai nauyi, gefensa a fashe, amma yana da katin girafik, wato abin da ke ɗaukar nauyin hoton wasa. Mutumin bai ɓoye mini komai ba, ya ce, "Maigida, farin nan kyau kawai shi ke da shi, na ofis ne. In gem ne, ɗauki baƙi." Na ɗauki baƙin kuwa, amma wa kaina. Farin na saya da kuɗin Mumuni, na naɗe shi da kyau, na ba direban da ke bi ta Gushegu ya kai wa Mumuni. A hanyar komawa gida har wani sanyi na ji a raina, na ce yau dai in ga wanda zai ba wani haƙuri.

Abin da na sani shi ya faru. Da an fara wasa sai laftof ɗin ya ɗau zafi, fankarsa ta hau kuka, ɗan wasa ya daskare da ƙwallo a ƙafa. Samarin suka yi ta tsiya, suka daina zuwa. Mumuni ya ɗora laifin a kan wuta, a kan netwok, a kan kansa, har ya ɗora injin a kan duwatsu don iska ta shiga. Wani ya ce masa an cuce shi, aka ce mini sai da ya kusa marin mutumin. Yanzu in mun haɗu a wasa ta intanet ina cinsa yadda nake so, shi ne ma yake ce mini na ƙware. Wallahi cin nan ba shi da ɗanɗano, kamar doyar da ba ta dahu ba. Kuma ba zan yi ƙarya ba, har yanzu haushinsa nake ji. Me ya sa ba zai zarge ni ko sau ɗaya ba? Dole ne ko a nan ma ya fi ni?

Shekaranjiya matarsa ta sauka, namiji. Ya kira ni ya ce, "Yaya, yaro sunanka ne zai ci. Lokacin da kowa ke tsoron zancen Bawku, kai ne ka tsaya min." Babana ya ji, ya dafa kafaɗata ya ce yau na fitar da shi kunya. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba sai a kan wannan.

In na aika masa baƙin ban ce komai ba, za a ƙara yabona a kan ƙarya. In na faɗa kafin suna, na ɓata wa mai jego murna, zumuncin iyayenmu ya girgiza. In na yi shiru, yaro zai tashi yana amsa sunan wanda ya kashe wa ubansa sana'a tun yana ciki.

Ragon suna na ɗaure a gidansu, baƙin laftof na kan gadona. Jama'a, kafin liman ya raɗa wa yaron nan sunana a kunne, me zan yi?