Alimun a Farin Ruwan Injin Baba

Sintali, Jalingo.

Zuwa ga Bappa Njidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ku da Goggo Balaraba da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya tsare ku daga sharrin injina da na hanya a can Legas, amin. Mu nan kowa ƙalau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, tun da ta daina wanki a tsugune ba ta sake kumbura ba. Haƙoran ƙanwata Hamna biyu na gaba sun zube, yanzu ba ta yarda ta yi dariya a gaban baƙi. Ruwa ya yi yawa bana, Mayo Gwoi ya cika har ya taɓa gonakin bakin rafi, amma masarar bayan gida ta yi kyau. Ni kuma na gama firamare, na samu ƙaramar sakandare, sai wata mai zuwa za mu fara zuwa.

Bappa, ku yi haƙuri da yadda idan kun kira aka miƙo mini waya ba na wuce lafiya lau. Ba don ba ni da magana ba ne, a wuya take maƙalewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, Malam Lawali mai kai doya Legas ya ce zai kawo muku har gida. Wani abu ne ya faru a shagon Baba, ni na jawo shi, kuma ya bar ni da tambayoyin da na san ku ne za ku iya amsa mini, tunda kuna aiki a kamfani mai manyan injina.

Tun da muka gama makaranta ni nake kai wa Baba abincin rana. Da farko ajiyewa nake yi in juya. Daga baya na fara zama a kan benci ina jiran kwano, daga nan kuma ko an ba ni kwanon ba na tashi. Injin nan da yake juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi ba ya isata kallo. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farin ruwan da tiyo yake zubawa a bakin wuƙar, wanda Baba yake ce wa kosam don ya yi kama da nono. Yana zuba, ya gangara cikin rabin durom a ƙarƙashin injin, wani ɗan famfo ya sake turo shi sama. Kawu Simeon, wanda kuka sani suna aiki da Baba tun kafin a haife ni, shi ya lura ina leƙen durom ɗin. Ya ce mini ruwa ne da wani mai na musamman ake haɗawa, yana sanyaya wuƙa kada ta ƙone. Ya fara kirana Injiniya, ni kuma in sunkuyar da kai.

Ruwan ba ya daɗewa fari. Bayan kwanaki sai ya koma toka-toka saboda garin ƙarfe, baƙin mai ya taru a samansa, idan ya kwana biyu ba a kunna injin ba ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin tacewar da suke da shi guntun gidan sauro ne da aka ɗaure a bakin famfon. Kullum famfon yana toshewa, Baba ya tsaya ya kwance ya hura. Idan garin ƙarfen ya biyo ruwa ya dawo kan aiki, sai ya bar zane a jikin ƙarfen da ake so ya yi sumul. Hannun Baba ma duk ya yi ƙuraje tsakanin yatsu, Inna tana shafa masa man kaɗanya amma ba ya ji.

Kun san idan damina ta yi nisa ruwan rijiyarmu ja yake zama, Inna ta jefa alimun a randa, kafin wani lokaci laka ta kwanta ruwa ya yi garau. Sai na ce a raina ai wannan ma ruwa ne mai datti. Na ɗebo kaɗan a gorar lemo na zo da shi gida, na daka alimun na zuba na girgiza. Bappa, da na duba da safe ruwan ya washe kamar na famfo, dattin duk ya dunƙule gefe guda. Na yi murnar da ban taɓa yi ba, ko ranar da aka ba mu sakamako. Ya kamata in nuna wa Baba. Sau uku ina ɗaukar gorar ina mayar da ita bayan randa. Na kasa. Sai na ce bari in yi abin kawai, idan ya ga ruwan ya yi kyau shi zai tambaya da kansa, ni kuma sai in ɗaga kai.

Ranar Juma'a Baba ya tafi masallaci, Kawu Simeon ya tsallaka titi cin abinci ya ce in kula da shago. Na juye alimun cikin gwangwanin madara guda a durom ɗin, na juya da sanda. Da suka dawo Baba ya ci gaba da aikin da yake yi, sandar injin niƙan Madam Caroline ce, ta unguwar Sarkin Dawaki. Bai gama ba ya bar ta a ɗaure a injin, washegari kuma suka tafi ɗaurin aure, shago bai buɗu ba sai Litinin.

Da na kai abinci ranar Litinin na tarar da shagon shiru. Ruwan durom ya tsinke, man ya yi guda-guda kamar nonon da ya lalace, ƙasansa ruwa garau irin na gorata. Sandar Madam Caroline ta yi ja da tsatsa, har layin da wuƙar injin take tafiya a kai ya kama. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Yana cewa shekara ashirin injin nan bai taɓa ganin tsatsa ba. Ya juya kan Kawu Simeon, tunda shi yake haɗa ruwan, ya ce ko dai ya sayo jabun mai ko ya manta awo, tsufa ya fara kama shi. Kawu Simeon ya ce idan tsufa ne ai tare ya kama su, kuma shi hannunsa ya san awon nan ko da ido a rufe. Magana ta fara zafi, har Kawu Simeon ya ɗauki hularsa ya ce tunda ba a yarda da shi ba bari ya tafi gida. Ina tsaye da kwano a hannu. Sai da ya kai bakin ƙofa na ce ni ce. Ba su ji ba, sai da na sake faɗa.

Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya tambaye ni me na zuba, na faɗa. Ya ba Kawu Simeon haƙuri a gabana, sannan ya ce in ajiye kwanon in tafi, daga yau zai riƙa zuwa gida ya ci, kada ya sake ganin ƙafata a shagon. Da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana uku suka yi suna goge injin da samfefa da kananzir. Madam Caroline ta zo ta yi faɗa, ta ce mata suna ta komawa da hatsinsu, sai da Baba ya sassaƙa mata sabuwar sanda. A gida kuma Hamna ta samu abin yi, ko ruwa na miƙa mata sai ta leƙa kofin ta ce ko na sa alimun.

Ranar Lahadi Kawu Simeon ya biyo ta gidanmu daga coci. Na ɓuya a ɗaki, Inna ta sa na fito. Ya ce yanzu sunana Hajiya Alimun, ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya gama sai ya ce laifina ɗaya, na ɗauka farin ma datti ne. Farin nan shi ne man, shi yake hana tsatsa, alimun kuwa bai san mai ba bai san laka ba, duk abin da ya tarar kwashewa yake. Ya ce mai wayo shi ne wanda zai cire baƙin ya bar farin. Maganar nan ta zauna mini. Na roƙi Inna ta roƙe shi, ya kawo mini galan ɗaya na tsohon ruwan da suka ajiye za su zubar tun kafin ɓarnar tawa.

Maƙwabciyarmu Goggo Uwani mai kamu nake taya aiki a kwanakin, tunda ba ni da wurin zuwa. Ina kallon yadda take tace ƙullu da ƙyalle, ta bar shi ya kwanta a roba, ta tsiyaye na sama a hankali ba tare da ta girgiza na ƙasa ba. Ba ta zuba komai a ciki. Na roƙe ta tsohon ƙyallen tata ta ba ni, tana tambaya ko kunun ƙarfe zan dama. Da na fara tacewa ƙyallen ya toshe nan take. Sai na tuna mayen ƙarfen da ke cikin sifikar tsohuwar rediyon Baba. Na tsoma shi, ya fito da gashi baƙi ƙirin kamar bushiya, amma cire garin daga jikinsa ya ci mini rabin yini, har ya soke ni a yatsa. Washegari na sa shi a leda kafin in tsoma. Idan na zare shi daga ledar sai garin ya zube da kansa. Baƙin man sama kuma na shimfiɗa takardar tsohon littafina ta shanye shi. Bayan mayen ƙarfe na bar ruwan ya kwanta, na tsiyaye, sannan na bi da ƙyalle. Ya fito fari. Ba kamar sabo ba, amma fari.

Wannan karon ban yarda da idona ba. Na goge ƙusa biyu, na jiƙa ɗaya da ruwan gorar alimun, ɗaya da wanda na tace, na ajiye su a kan taga kwana biyu. Ta farko ta yi ja, ta biyun ba abin da ya same ta. Na jera ƙusoshin da kwalba biyu, ta ruwa mai datti da ta tatacce, a gefen tiren abincin Baba, na gudu madafa ina leƙe. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana, ya zuba kaɗan ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya ci abincinsa ya tafi. Kwana biyu haka. Na cire rai.

A rana ta uku ya kira ni da kansa. Ya ce in faɗa masa yadda na yi, da bakina, ba ta wurin Inna ba. Na faɗa ina kallon tabarma. Ya ce gobe in kai abinci shago in taho da mayen ƙarfen da ƙyallen, amma da sharaɗi: ko ruwan sha ne ba zan zuba a durom ba sai na faɗa, kuma duk abin da na gani a shagon in buɗe baki in faɗa, don shirun da na yi ya fi alimun ɓarna. Idan na kasa, in koma gida.

Da na je na tarar sun yi waldar tire uku a jere, kowanne ya ɗan fi na gabansa tsawo, ruwa yana gangarowa daga wannan zuwa wancan kafin ya koma durom. Sun yi kyau sosai. Sai dai da na miƙa masa kayan, Baba ya sa ƙyallen a tiren farko, mayen ƙarfen a na ƙarshe. Na san zai toshe, don ya toshe mini. Ga mutum biyu a zaune suna jiran aiki. Na tsaya ina murza bakin hijabina har Baba ya kai hannu zai kunna injin. Sai na ji muryata ta ce Baba an juya su, mayen ƙarfe ne farko. Kowa ya waigo. Kawu Simeon ya ce to, yau oga ya samu oga. Baba ya dube ni, ya dubi tiren, ya miƙo mini ƙyallen ya ce in zo in sa shi inda ya dace. Yau kwana tara famfon bai toshe ba, kuma ni nake wanke tiren kullum bayan sun ci abinci. Baba ya ce idan an fara makaranta ranar Asabar tawa ce.

Ga tambayoyina, Bappa. Warin bai tafi ba, yana raguwa idan injin yana aiki ya dawo ranar Litinin, me yake kawo shi? Kuma ko shi ne yake sa ƙurajen hannun Baba? Ranar da aka sassaƙa farin ƙarfe mara nauyi, irin na tukunya, mayen ƙarfe bai kama ko ƙwaya ba, ku yaya kuke yi da irinsa? Kawu Simeon ya ce a kamfani akwai takardar tacewa mai naɗi kamar bandir ɗin yadi, tana tafiya da kanta idan ta yi datti. Gaskiya ne ko tsokanata yake yi? Idan gaskiya ne, wa yake gaya mata ta yi datti? Don Allah ku zana mini ko da biro ne, Malam Lawali zai dawo bayan mako biyu. Duk abin da kuka rubuto sai na karanta wa Baba kafin in taɓa komai.

Ku gaishe mini da Goggo Balaraba, da Adda Zakiyya, da Suhail da ɗan autanku Abdulmuttalib. Inna tana gaisuwa, ta ba da kuka da daddawa a kawo muku. Hamna ta ce a gaya wa Suhail haƙoranta sun kusa fitowa. Baba ya san ina rubuta takardar nan, ni na gaya masa, ya ce yana gaishe ku.

Allah Ya sada mu da alheri.

'Yarku,
Mufida